Gaisuwa Goma Sha Ɗaya ta Maharazu

Maharazu mutumin Gwammaja ne, ko da yake in aka bi asali ɗan wani ƙauye ne a bayan Bichi. Ya shigo birni yana da shekara ashirin da biyu, ya yi uku yana tuƙa tasin wani Alhaji, sannan ya hau babur ya shekara goma sha shida yana acaɓa. A cikin waɗannan shekaru ya kashe babur huɗu, ya faɗi sau tara, kuma har gobe yana rantsuwa biyu ne kawai laifinsa, sauran bakwai ɗin awaki ne da masu kura. Mutum ne da abu ba ya wuce shi bai ƙirga ba. Ya san ramuka nawa ne a titi tsakanin Gwammaja da Ƙofar Kabuga, ya san sahu nawa masallacin layinsu ke ci da magariba. In ana hira wani ya ce mutane da yawa sun zo, sai ya ce, "Da yawa nawa?"

Shekarun da Kano ta shiga halin tashin bama-bamai, a kan babur suka same shi. Aka sa dokar hana fita, aka jera buhunan yashi a tituna, duk shingen da ka isa sai ka sauka ka tura babur kamar mai kai tunkiya kasuwa. Ya yi haƙuri da wannan, har ya ƙirga: a wuni yakan sauka sau talatin da ɗaya. Amma a farkon shekarar dubu biyu da goma sha uku aka hana goyo a babur ɗungurungum, don masu harbi a kansa suke zuwa. Rana ɗaya sana'a ta mutu.

Wata biyu yana buga-buga. Ya gwada dako, bayansa ya ƙi. Ya nemi a-daidaita-sahu, ya tarar da mutum arba'in a gabansa wajen mai bayarwa. Sai yayansa Gwadabe ya aiko daga ƙauye cewa zaman ya isa haka, ruwan farko na sauka ya tattaro iyali ya dawo, gonarsa ta gado na nan ciyawa na cinyewa. Gwadabe ne babba tun rasuwar mahaifinsu, kuma shi ke aiko da hatsin da gidan ke ci a watannin nan, don haka maganarsa ba shawara ba ce.

Asibi, matar Maharazu, haifaffiyar Yakasai ce, can aka yanke cibiyar kakanninta. Ta saurari saƙon tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Allah ya ba da damina mai albarka," ta ce. "Ni da yara muna Yakasai. Ka riƙa leƙo mu bayan girbi."

"Asibi, wasa kike yi."

"Ka taɓa ganina da taɓarya? Ni da ko dakan fura ban iya ba za ka kai inda ake surfe da asuba? Ba da ni ba."

Shekara goma sha huɗu suna tare, ya san ba ta maimaita magana. Abin ya fito fili: in ruwa ya sauka bai samu aiki ba, shi ƙauye, ita da yara uku Yakasai.

Labarin aikin ya zo masa ta bakin wani ɗan dako, tsohon fasinjansa. Akwai wani ɗan Cana a Kantin Kwari, Mista Cen, mai sito na atamfa da leshi. Direbansa, wanda ke ɗan jin yarensu, ya kwashe iyali ya koma garinsu saboda halin da ake ciki. Daga nan Mista Cen ya gwada direba uku, duk ya sallame su. Ba ya jin Hausa, Turancinsa bai fi a ƙirga da yatsu ba, kuma a lokacin da ake jin labarin satar baƙi 'yan ƙasashen waje ba zai iya zama a bayan mutumin da ba zai ce masa tsaya ya tsaya ba. Yanzu ma a saman siton yake kwana, motar na lulluɓe da tampol.

"Wato in mutum ya iya yaren, mota tasa ce," in ji Maharazu.

"In ya iya. Kai da Hausar ma ta ƙauye kake yi."

Bai tsaya rama wannan ba, don ya riga ya tuna da Baba Salihu. Ƙanen kakan Asibi ne, tsoho ɗan shekara saba'in da takwas, wanda ya yi ashirin da uku yana kuku a gidan manajan wani kamfanin kwanuka na 'yan Cana, tun zamanin da kamfanoni ke hayaƙi a Kano. Yanzu ido ya yi rauni, yana wuni a soro a Yakasai, daga shi sai carbi da rediyo. Da yake Asibi jikarsa ce, matarsa yake kiranta, mijinta kuma ɓarawo.

"Ɓarawon matata, yau kuma me ka zo ɗauka?"

"Yaren Cana, Baba."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai da ko na gode ba ka iya cewa in an ba ka tuwo?"

"Kalma nawa ce a cikinsa gaba ɗaya?"

"Wa ya ƙirga?"

"To kai nawa ka sani?"

"Wanda ya isa a ba ni umarni, in yi gardama, in yi tsegumi."

"Shi nake so. Kalma bakwai kullum."

Daga gidan Maharazu zuwa soron Baba Salihu taku dubu biyar da ɗari biyu ne, da shinge uku. Kullum da safe yana can da littafin 'yan makaranta mai shafi arba'in. Da yake boko a aji uku ya bar ta, da ajami yake rubuta kalmomin. Baba Salihu ya sa aka kawo masa ludayi daga cikin gida, da shi yake nuna yadda murya za ta bi: ya ɗaga shi sama, ya sauke, ya ɗan tsoma shi ya fito da shi kamar mai ɗiban miya. In Maharazu ya kuskure, ludayin kan sauka a gwiwarsa.

"Yaren nan da hawa da sauka yake tafiya, kamar namu," in ji tsohon. "Kai kuma kana jan shi a miƙe kamar titin Katsina. Da a allo ka rubuta, da mun wanke ka sha mu huta."

Abin da ya fara zama masa shi ne ƙidaya. I, ar, san, si, wu. Ya same ta kamar wanda aka ba sabon takalmi, ko'ina da ita yake zuwa. Ya ƙirga kajin maƙwabta da ita, ya ƙirga buhunan yashin shinge a zuci, ya rubuta abin da ya samu don kar ya manta. Daga nan aka shiga tsaya, tafi, dama, hagu, sannu a hankali, gobe, jiya, abinci, mota. A gida ya sauya wa komai suna. Yara suka ɗauka wasa ne, suka riga shi haddace rabi. Asibi ta jure kwana tara, ran na goma ta ce, "In ka ƙara kiran ruwa da wannan suna, sai ka tashi ka ɗebo da kanka."

Ranar da aka cika kwana arba'in yana da kalma ɗari biyu da tamanin. Ya duba littafinsa daga farko zuwa ƙarshe, ya ga babban giɓi.

"Baba, har yanzu ba mu yi gaisuwa ba."

"Mun yi tun ran farko. Ni hawo."

"Wannan ai sallama ce. Ina sauran?"

"Babu saura."

Maharazu ya ajiye biro. "Mutanen da aka ce sun fi kowa yawa a duniya, a ce gaisuwarsu gaɓa biyu? Baba, ko dai ta 'yan kicin aka koya maka?" Ya fara lanƙwasa yatsu. "Kwana, gajiya, gida, iyali, yara, kasuwa, zafi, hanya, mutanen gida can ƙasarsu, labari, sannan fargaba, tunda ita aka ƙara mana a gaisuwa shekarun nan. Goma sha ɗaya. Ƙasa da haka in je gaban babban mutum, ai sai ya ce ba ni da iyaye."

"Su ba a tambayarsu mata, Maharazu. Shekara ashirin da uku ban taɓa ce wa maigidana ya uwargida ba."

"Shi ya sa ka gama a kuku."

Baba Salihu ya ja carbi. Can ya yi wani murmushi. "To, tunda ɓarawo ya fi mai gida sanin ɗaki, ɗauki biro."

Ya ba shi duka goma sha ɗaya, iyakar yadda ya iya. Sai dai yaren Baba na kicin ne, inda tambaya ke tafiya kai tsaye: an kawo nama, gishiri yana ina, mutum nawa za su ci. Don haka ina kwana ta fito a matsayin ka yi barci jiya. Ya gida ta zama ina gidanka. Ya iyali ta zama matarka tana gida, ya yara ta zama yaranka suna ina, ya hanya ta zama wace hanya ka biyo. Ta ƙarshe kuwa, ya fargaba, ta koma kana jin tsoro. Maharazu ya haddace su a kwana biyar, yana bita a hanya, mutane na ba shi wuri.

A kwana na hamsin da biyu, zafi ya kai inda ake cewa ruwa ya kusa, ya sa kaftaninsa mai ruwan toka ya nufi Kwari. Duk wanda ya tashi a hannun dattawa ya san ba a zuwa wajen babban mutum ran farko a ce masa ba ni aiki. Sai ka yi ta zuwa gaisuwa har fuskarka ta zauna, shi da kansa ya ce, Malam, lafiya? Maharazu ya yanke wa kansa kwana bakwai.

Mista Cen gajere ne mai tabarau, yana zaune bayan tebur da kwalbar ruwan zafi mai ganye a ciki. Maharazu ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rusuna.

"Ni hawo."

Fuskar mutumin ta washe. Ya miƙe, ya amsa, har ya nuna kujera. Maharazu bai zauna ba, ya shiga karatu. A tambaya ta farko murmushin na nan. A ta uku ya ragu. A ta huɗu, wadda ta taɓa mata, ya ɓace. Da aka kai ta goma sha ɗaya Mista Cen ya ajiye kwalbar a hankali, yana duban ƙofa. Bai amsa ko ɗaya ba. Maharazu ya yi sallama ya sa takalmi, ko atamfa ɗaya bai taɓa ba. A waje ya tsaya ya ɗan yi bitar ƙidaya, yana nuni da yatsa: ƙofa biyu, taga biyar, ma'aikata shida, mai gadi ɗaya. Ya rubuta ya tafi.

"Ya amsa?" in ji Baba Salihu da ya kai masa labari.

"Bai ce uffan ba. Mutum ne mai kamun kai."

"Allah ya sa," in ji tsohon, ya ƙara muryar rediyo.

Rana ta uku Maharazu ya tarar an ƙara kwaɗo a ƙofar baya. Rana ta huɗu masu gadi sun zama biyu, ya ciro littafi ya gyara. Rana ta biyar Mista Cen na hango shi ya shige bayan dilolin atamfa, shi kuma ya fuskanci dilolin ya yi gaisuwarsa cikakkiya, don ba a fasa ladabi saboda ba a ganin fuska. Rana ta shida ya dawo gida da fara'a.

"Ya ɗauke ni hoto da wayarsa, Asibi. Wa ke ɗaukar hoton wanda ba ya so?"

"Yaushe za ka faɗa masa abin da ke kai ka?"

"Gobe shi zai tambaya."

Washegari yana kan tambaya ta shida hannaye huɗu suka ɗaga shi sama. Takalminsa ma a nan aka bari. A shekarun nan mutum ɗaya in ya ruga, layi guda ke rufewa, kuma ko a cikin wannan hali sai da ya ƙirga ƙofofin ƙarfe goma sha huɗu da aka ja kafin a kai shi wani ɗakin kwano a bakin kasuwa, inda jami'an tsaro ke zama bayan buhunan yashi. Aka zaunar da shi a ƙasa. Aka ɗora littafinsa a gaban wani ofisa mai furfura, wanda idonsa ya nuna ya daɗe bai yi barcin kirki ba.

Ofisan ya iya ajami. Ya buɗe shafin farko, ya motsa leɓe, ya ɗaure fuska. "Wannan ba Hausa ba, ba Larabci ba." Ya yi ta buɗawa har ya kai shafin da ya karantu. "Ƙofa biyu. Taga biyar. Mai gadi ɗaya, an soke, an sa biyu." Ya ɗago. "Mece ce sana'arka?"

"Acaɓa, Yallaɓai. Da."

Sai a lokacin Maharazu ya ji yadda abin ke sauka a kunnen wani. Ya san mutanen da aka shiga da su irin wannan ɗaki kan abin da bai kai wannan ba, aka yi watanni iyalinsu na yawon cigiya.

Aka shigo da Mista Cen, waya a hannu, hoton Maharazu a kai. Ofisa ya yi masa Turanci. Mista Cen ya juye nasa duka a kan tebur, bai wuce kalma biyar ba: mugun mutum, kullum, kullum. Daga nan ya koma yarensu da sauri yana nuni.

"Akwai mai jin yaren nan a kasuwa?" in ji ofisa.

Aka tura, aka dawo. Sauran 'yan Cana biyu da ke layin sun kulle kansu a ciki, sun ƙi buɗewa. Can daga ƙasa wani hannu ya ɗagu.

"Ni, Yallaɓai."

Ofisan ya dube shi, ya dubi rufin kwano. "Shekarata ashirin da shida a aikin nan, ban taɓa ganin wanda ake tuhuma ya yi tafinta a shari'arsa ba. To bismilla. Ka ƙara ko ka rage, zan gani a fuskarsa."

Maharazu ya roƙi Mista Cen da yarensu ya yi sannu a hankali. Abin da ya taimake shi, mutumin maganganunsa yake maimaitawa, kuma duk duniya ba Sinancin da Maharazu ya fi iyawa kamar wanda ake kai ƙararsa da shi.

"Ya ce ni ba mutumin kirki ba ne, Yallaɓai."

"Ci gaba."

"Ya ce kwana bakwai ina zuwa, ba na sayen komai. Ya ce ina tambayarsa ko ya yi barci."

"Sannan?"

"Ko ya gaji. Da ina gidansa. Da matarsa, da yaransa."

Wani daga cikin jami'an ya gyara riƙon bindiga. Ofisan kuwa ya karkata kai kamar mai jin wata waƙa daga nesa. "Tsaya. Sake jero su, ɗaya bayan ɗaya."

"Barci. Gajiya. Gida. Iyali. Yara. Kasuwa."

Leɓen ofisan na motsi da kansa, kuma duk wanda ya kalle shi zai ga lafiya lau yake cewa. Ya dafe goshi. "Kai. Gaishe shi kake yi?"

"To me zan yi, Yallaɓai?"

"Kwana bakwai?"

"Aikin direba nake nema. Ai ba a faɗin buƙata ran farko."

"Ƙofofin fa, da masu gadi?"

"Bitar ƙidaya ce. In ka buɗe baya akwai kajin maƙwabcina, akwai buhunan yashinku ma, ɗari da tara."

Ofisan ya buɗe, ya gani. Ya rufe bakinsa da littafin, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu kansa ya ce, "To yi masa bayani al'ada ce."

"Ba mu kai kalmar al'ada ba, Yallaɓai."

Ofisan ya leƙa waje. Wani dattijon ɗan kasuwa na wucewa da buta, ya kira shi, ya ba shi hannu. "Alhaji, ina wuni?" Ya yi wa Maharazu alama da ido. Dattijon bai san abin da ake ciki ba, ya ga dai an girmama shi, ya saki buta ya shiga gaisuwa da gaske. Ofisa ya tambaya, dattijo ya mayar, Maharazu daga ƙasa yana juyawa ɗaya bayan ɗaya. Mista Cen ya ji tambayoyin nan da suka hana shi sukuni mako guda suna yawo tsakanin mutum biyu masu murmushi, barci, gida, mata, yara, har da tsoro. Dattijon sai da ya kai goma sha tara kafin ya saki hannu, takwas na ƙarshe ba wanda ya iya juya su.

Mista Cen ya cire tabarau ya goge. Ya tambayi Maharazu me suke amsawa.

"Hawo," in ji Maharazu. Lafiya ke nan.

Duka? Duka. Ko matar ba ta da lafiya? Hawo. Mutumin ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya samu benci ya zauna. Sannan, yana duban ƙasa, ya fara amsawa a jere, sannu a hankali yadda mai kalma ɗari uku da 'yan kai zai gane. Ba ya barci. Ya gaji. Gidansa na da nisa. Matarsa na can, wata goma sha huɗu bai gan ta ba. 'Ya ɗaya gare shi. Tsoro kuwa yana ji, kullum.

Maharazu ya rasa inda zai sa idonsa. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin wanda aka gaisar ya faɗi gaskiya ba.

"Me ya ce?" in ji ofisa.

"Ya ce lafiya lau, Yallaɓai."

"Duk wannan doguwar maganar?"

"Yarensu ne da tsawo."

Mista Cen ya dubi Maharazu. Ba ya jin Hausa, amma ya ji gajartar abin da aka faɗa, ya kuma ga ba wanda ya yi dariya. Ofisan ya miƙa littafin. "Tashi ka tafi. In na ƙara jin ka ƙirga min buhu, kai za ka ɗauke su."

A waje an fara ɗaga ƙofofi. Maharazu na tafe ba takalmi, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, Mista Cen na gefensa. Can mutumin ya yi gyaran murya ya ce, "Ni ci la ma?" Ka ci abinci, ke nan. A garinsu wannan gaisuwa ce, ana cewa na ci a wuce, ko da cikin mutum na kuka. Maharazu bai san haka ba, ya ɗauka tambaya ce.

"Ban ci ba," ya amsa da yarensu. Ya ƙara da hannu da abin da ya samu na kalmomi cewa tun safe koko kawai ya sha, aka kuma zaunar da shi awa biyu a ƙasa.

Mista Cen ya tsaya cik. Ba yadda zai yi. Suka karɓo takalmi, suka nufi rumfar wata mai abinci a bayan layin, karo na farko a wata uku da aka ga ɗan Canan ya wuce ƙofar sitonsa da taku hamsin ba tilas. Maharazu ya ci shinkafa da wake kwano biyu. Mista Cen ya ci rabin kwano, yaji ya sa shi hawaye, ya ce a ƙara. Da suka gama ya tambaya da kalma uku, me kake so.

"Wo kai ca," in ji Maharazu. Ni tuƙa mota.

Mutumin ya ɗaga yatsa bakwai, ya nuna bakinsa, ya girgiza kai, ma'ana duk kwanakin nan ka kasa faɗin wannan. Ya laluba aljihu ya ciro makulli.

Aka yaye tampol. Motar ta yi wata uku ba a tashe ta ba, batir ya kwanta. Ma'aikata shida suka jeru a bayanta, masu gadin nan biyu da suka ɗaga Maharazu sama ɗazu su ma aka sa su. Ta yi tari sau biyu, a na uku ta kama. Mista Cen ya shiga baya ya ce dama, aka yi dama. Ya ce hagu, aka yi hagu. A tsakiyar titi, ba dalili, ya ce tsaya. Maharazu ya taka birki har tabarau ya zamo wa mutumin kan hanci. Suka zauna haka, a-daidaita-sahu na ta yi musu oda a baya. Mista Cen ya mayar da tabarau, ya jingina da kujera, ya ce gobe ƙarfe takwas.

Labarin kamun ya riga Maharazu isa Gwammaja, kuma a hanya ya yi ƙiba: wasu sun ce da bam aka same shi, wasu sun ce an wuce da shi Abuja. Ya tarar da mata biyar a tsakar gida suna ba Asibi haƙuri, ita kuma ta yafa mayafi, idonta ja, za ta fita cigiya. Da ta gan shi ta tsaya, ta dube shi daga hula har takalmi.

"An ce an kama ka."

"An kama ni, an sake ni, an ciyar da ni, an ɗauke ni aiki. Huɗu."

Matan suka fara Alhamdu lillahi suna neman takalmansu. Asibi ta cire mayafin ta ninke shi, ta daɗe tana ninkewa.

"Sai ka aika wa Yaya Gwadabe," ta ce.

"Da motar safe. Ya ba ɗansa gonar ya noma bana."

"To. Gobe kafin ka tafi wajen ɗan Canan naka ka biya Yakasai. Baba ya aiko sau uku, ya ce in da gaske ne an tafi da ɓarawon, a mayar masa da matarsa kafin la'asar."